Za mu kai yara su ga magangarar ruwa a cikin duwatsu: me ya kamata in sani kafin mu tashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina so in kai iyalina wata magangarar ruwa da ke cikin duwatsu, mu je mu dawo a yini ɗaya. An ce mini hanyar ba wuya, kilomita 6 ce zuwa da dawowa, hawan kuma kamar mita 250. Mu shida ne: ni, da mai ɗakina, da yara uku masu shekara 4 da 7 da 11, da mahaifiyata wadda ta haura sittin. Ba mu taɓa irin wannan tafiya ba. Za mu iya kuwa? Me zan tanada, me kuma zan kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Za ku iya, in Allah ya yarda, kuma ina ƙarfafa maka gwiwa ka kai su. Na daɗe ina yi wa iyalai jagora a irin waɗannan hanyoyi, kuma abin da zan fara faɗa maka shi ne, hanyar da kake jin tsoro ba kasafai take cutar da kowa ba. A kan hanya kowa yana duban inda zai taka, uwa na riƙe da hannun ƙarami, uba na waiwaye. Inda ake samun matsala shi ne bayan an isa. Da zarar ruwan ya bayyana, sai a sauke jaka, a ciro waya, yara su watse, manya su saki jiki, alhali nan ne wuri mafi haɗari a duk tafiyar. Saboda haka zan yi maganar hanya gwargwadon bukata, sannan in daɗe a bakin ruwa.

Mu fara da lissafin lokaci, domin a nan sababbi suke yawan kuskure. Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da wani mahayin dutse ɗan ƙasar Sikotlan, William Naismith, ya fitar a 1892, har yau kuma da ita ake aiki: a ba kowane kilomita 5 awa ɗaya, a ƙara awa ɗaya a kan kowane mita 600 na hawa. In ka auna tafiyarku da ita, kilomita 6 zai ci minti 72, hawan mita 250 ya ƙara minti 25, jimla kusan awa ɗaya da minti arba'in. Amma wannan lissafin lafiyayyen baligi ne wanda ba ya tsayawa. Kai kuwa kana tare da ɗan shekara 4 wanda zai tsuguna kallon kowane ƙwaro, da Hajiya wadda za ta so zama a inuwa lokaci zuwa lokaci. Ka ninka lissafin biyu. Ka ƙara awa ɗaya ta zama a wurin ruwa, da rabin awa na abin da ba a zata ba. Ka ga tafiyar ta kai awa biyar. Wanda ya shirya wa awa biyar zai yi ta cikin nishaɗi, wanda ya shirya wa biyu kuwa zai wuni yana cewa yara su yi sauri, su kuma su tsani dutse har girmansu.

Ku yi sammako, ku kasance kun kama hanya kafin ƙarfe takwas. Dalilai uku ne. Da safe akwai sanyi, hadari a cikin duwatsu ya fi haɗuwa bayan azahar, sannan rana takan ɓuya a bayan dutse tun kafin lokacin faɗuwarta, don haka kwarin da ruwa yake ciki yakan riga fili yin duhu. Tun a gida kai da uwargida ku tsayar da lokacin juyawa, misali sha ɗaya da rabi: in lokacin ya yi ba ku isa ba, a juya, ko da kuna jin ƙarar ruwan. Ku yanke shi tun a gida, saboda a kan hanya zuciya ba ta yarda, kullum cewa take yi saura kaɗan. Ka kuma sanar da wani amintacce sunan hanyar, da yawanku, da lokacin da ya kamata ya ji daga gare ka, da wanda zai kira in ya ji shiru. A cikin kwari sau da yawa babu sabis, kada ka dogara da waya. Ka sauke taswirar hanyar a wayarka tun kana da intanet, ka cika cajinta.

Akwai tambayar da kusan ba wanda yake yi, kuma ita ce ta fi muhimmanci ga iyali irin naka: hawan nan na mita 250, a zuwa yake ko a dawowa? Magangarun ruwa da yawa daga sama ake gangara musu. Sai a tafi ana raha, gangara ce zalla, a isa ba a ji komai ba, a ci a sha, sannan a ɗaga kai a ga duk hawan yana jira, ga rana ta take, ga yara sun jiƙe sun gaji. In haka hanyarku take, ku rage zaman ruwa, ku ajiye fiye da rabin ruwan shanku domin dawowa. Ka tambayi ma'aikatan wurin, ko wanda ya bi hanyar a makon nan, ba bara ba: ana tsallaka rafi? Akwai gada? Akwai matakala ko wurin da sai an dafa da hannu? Akwai shinge a bakin gaɓa? Hanya ɗaya takan zama iri biyu, daban a lokacin rani, daban bayan kwana biyu ana ruwa.

Kayan tafiya ba su da yawa, sai dai ba a fafa gora ranar tafiya. Takalmi ne kan gaba. Kowa ya sa rufaffen takalmi mai igiya, wanda ƙasansa roba ce mai zane mai zurfi, kuma wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Sabon takalmi bororo yake kawowa, silifa kuwa ko takalmi mai sumul ɗin ƙasa ba su da wurin zama a kan jiƙaƙƙen dutse. Ka juya takalman yaran ka duba da idonka, domin yara sukan cinye ƙasan takalmi ba a lura ba. Tufafi su zama waɗanda ba sa jan ƙasa, ba sa harɗe ƙafa wajen hawa. Ruwan sha, ka lissafa wa babba kamar rabin lita a kowace awa ta tafiya, fiye da haka in da zafi, yara kuma ƙasa da haka kaɗan. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka ku raba nauyin kai da mai ɗakinka da babban yaron, amma kada jakar yaro ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinsa. Ku ɗauki abin ci mai sauƙin ɗauka, a riƙa ba yara kaɗan-kaɗan tun kafin su ce suna jin yunwa. Mafi yawan rigimar yaro a hanya yunwa ce ko ƙishi, shi kansa bai sani ba.

Sai rigar sanyi mara nauyi ga kowa, da rigar ruwa, da busassun kaya na canji ga yara a ƙulle cikin leda. Kada zafin da ka baro a ƙasa ya ruɗe ka. Iska tana ƙara sanyi da kusan digiri 6.5 a kowane mita 1,000 da aka hau, ruwan da ke faɗowa kuma yana tura tasa iskar mai ɗauke da feshi, har ka ga mutum ya iso da gumi, bayan minti goma yana rawar ɗari. Zafin rana kuma ya fi cin fata a bisa tudu, saboda haka a sa hula. Ka haɗa ƙaramar jakar magani: filasta, bandeji mai talewa saboda targaɗe, maganin wanke ciwo, maganin ciwon jiki, da duk maganin da wani cikinku yake sha kullum. Ka jefa tocila a jaka ko da ka tabbata za ku dawo da rana tsaka. Ka saya wa kowane yaro usur, ka rataya masa a wuya.

Usur ɗin nan yana da tarihi. A 1981 wani yaro ɗan shekara 9 ya ɓata a dutsen Palomar da ke jihar Kaliforniya a Amurka, aka kwana huɗu ana nemansa, aka same shi sanyi ya kashe shi. Daga cikin waɗanda suka yi neman ne aka fito da shirin koya wa yara abu ɗaya: in ka ɓata, ka rungumi bishiya, wato ka tsaya wuri guda, kada ka ci gaba da yawo. Yaron da yake tafiya neman iyayensa nisa yake ƙarawa, wanda ya tsaya kuwa nan da nan ake komawa kansa. Ka zaunar da naka a daren tafiya ka koya musu: in ba ka ganin Baba ko Mama, tsaya cak, busa usur sau uku, ka saurara, ka sake. Ka kuma tabbatar musu ba wanda zai yi musu faɗa, domin akwai yaran da suke jin ana kiran sunansu su yi shiru saboda tsoron duka. A kusa da magangara muryar mutum ba ta zuwa ko'ina, ƙarar ruwan tana haɗiye ta, usur ne kaɗai yake ratsawa.

A kan hanya, babba ɗaya a gaba, babba ɗaya a baya, yara da Hajiya a tsakiya. Mafi jinkiri shi ne ke tsara saurin tafiya. Ɗan shekara 11 zai so ya yi gaba, kada ka hana shi gaba ɗaya, ka ba shi doka: yana iya wucewa muddin yana ganinku kuna ganinsa, kuma a duk mararraba ko gada sai ya tsaya. Ka ba shi taswira ya riƙe, za ka ga yadda zai ɗauki abin da muhimmanci. Ɗan shekara 4 kuma, ka sa a ranka zai yi wani ɓangare da ƙafarsa, saura a goye. Yaro mai wannan shekaru yana kai kilo 16 ko kusa da haka, don haka ku shirya abin goyo mai kyau, ku riƙa karɓar juna. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗora yaro a wuya a wurin da ke da santsi ko gangara: nauyinka ya koma sama, hannuwanka suna riƙe da ƙafafunsa, in ka zame ba abin dafawa, shi kuma daga sama zai faɗo. Ka tuna kuma wanda aka goya ba ya motsi, yana iya jin sanyi kai kana gumi, ka riƙa taɓa hannunsa.

Hajiya kuwa, Allah ya ƙara mata lafiya, shekarunta ba su hana ta wannan tafiya ba in dai ta saba takawa. Ku gwada ta tun yanzu: a makonni biyun da ke gaba ta riƙa tafiyar awa ɗaya, da ɗan hawa in ya samu, ku ga yadda jikinta zai karɓa. In tana da hawan jini, ciwon sukari ko ciwon zuciya, a ji ta bakin likitanta tukuna. A samo mata sandar dogarawa, biyu ma sun fi, domin ga masu shekaru saukowa ta fi hawa wahala, duk nauyin jiki a kan gwiwa yake sauka. Ma'auni mai sauƙi shi ne magana: in tana iya yi maka hira tana tafiya, saurin ya yi daidai, in numfashi ya hana ta ƙarasa zance, a rage. In ta ce ƙirjinta ya yi nauyi, ko jiri na ɗibarta, tafiya ta ƙare a nan, a zauna, a nemi taimako. Ka lura da fuskarta da kanka, iyaye ba sa son a ce su suka ɓata wa jikoki rana, za ta ce maka lafiya lau ko da ba haka ba ne.

In akwai rafin da za a tsallaka ba gada, ka fara tsayawa ka dube shi. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum in ƙarfinsa ya kai, balle yaro. Dokata ita ce, in ya haura gwiwar mafi ƙanƙantar wanda zai taka da ƙafarsa, ba a shiga. In rafin ƙarami ne, a nemi inda ya fi faɗi, nan ne ya fi rashin zurfi da rashin ƙarfi. A fuskanci inda ruwan yake fitowa, a tafi a karkace, ana dafa sanda, a kwance igiyar jaka ta ƙugu yadda in an faɗi za a iya yar da ita. Gara takalmi ya jiƙe da a ce za a yi tsalle daga dutse zuwa dutse. Kada kuma a tsallaka a saman wata gangara, ko da ƙarama ce.

To, yanzu kun iso. Kafin kowa ya matsa, ka tara su wuri guda, nesa da feshi, a busasshen wuri mai faɗi. A nan za a ajiye kaya, a nan Hajiya za ta zauna. Kai kaɗai ka je ka duba wurin, ka dawo ka nuna wa yara iyaka da abin da ido ke gani: daga wancan icen zuwa wannan farin dutsen, ba a wucewa. Yaro ba ya gane "kada ka yi nisa", amma yana gane farin dutse.

Ka durƙusa ka shafa dutsen da feshi ke sauka a kai. Za ka ji wani yauƙi-yauƙi a yatsunka, ko da ido bai ga kore ba. Gansakuka ce da wasu ƙananan halittu da ke rayuwa a inda danshi ba ya yankewa, sun shimfiɗu siriri a kan dutsen da ruwa ya riga ya goge ya yi sumul. Dutsen da ya yi baƙi yana ƙyalli shi ne mafi sharri, ya fi tayil da aka zuba wa ruwan sabulu santsi, kuma babu takalmin da yake kama shi yadda ya kamata. Ka sa yaran su shafa su ma, su ji da hannunsu, ya fi dogon wa'azi amfani. Mafi yawan raunukan da na gani a irin wuraren nan ba daga wani tsayi mai ban tsoro aka faɗo ba: ƙafa ce ta zame a kan dutsen da bai kai ƙugu ba, sai ƙeya ta bugu, ko wuyan hannu ya karye. Sau da yawa kuma mai ɗaukar hoto ne, idonsa na kan waya, yana ja da baya don kowa ya shiga. In za ka ɗauki hoto, ka fara kafa ƙafafunka, sannan ka ɗaga wayar. In kana son matsawa, sauke ta tukuna.

Saman magangara, inda ruwa yake lanƙwasawa ya faɗa, ba wurin iyali ba ne, sai in an yi masa dandamali da shinge, kuma a tsaya a bayan shingen. Abin da ke yaudarar mutane shi ne ruwan can sama yakan kwanta luf, garau, ga shi ba zurfi, har ana ganin ƙasansa. Amma ƙasan nan dutse ne mai santsi da ya karkata zuwa baki, ruwan kuma yana ƙara gudu yayin da yake kusantar faɗawa. Wanda ya zame a nan ba abin da zai kama. A watan Yulin 2011, a magangarar Vernal da ke gandun Yosemiti a Amurka, mutum uku sun tsallake shingen ƙarfe suka shiga ruwa kusa da baki. Ɗaya ya zame, sauran suka yi ƙoƙarin ceto, ruwan ya tafi da su duka ya jefa su daga tsayin mita 97, a gaban jama'a. Duk inda ka ga shinge a irin wannan wuri, akwai dalilin da ya sa aka kafa shi. Haka nan ƙananan hanyoyin da mutane suka tattaka a gefen magangara don hawa sama, ka hana babban yaronka bin su. Hawansu yana yiwuwa, saukowa ce ke gagara.

Ƙarƙashin ruwan ma, inda yake zubowa, kada ku tsaya. Ruwa mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi nauyinsa tan ɗaya ne, kuma abin da ya faɗo daga mita 20 yana isowa ƙasa da gudun kusan kilomita 70 a awa. Ba ruwa kaɗai ke faɗowa ba, har da tsakuwa da guntayen itace da rafin ya kwaso. Ka kuma dubi manyan duwatsun da ke zube a gindin magangarar, ka tambayi kanka daga ina suka zo. Magangaru da yawa suna samuwa ne inda dutse mai tauri ya hau kan mai taushi: ruwa ya riƙa cin na ƙasan, ya rarake shi, har na saman ya rasa madogara ya ɓalle. Wannan aiki bai tsaya ba. Kogon da ke bayan labulen ruwan yana da kyan gani, amma in ba hanyar da hukuma ta gyara ta ratsa ta ciki ba, ku kalle shi daga nesa.

Sai gurbin da ruwan ke taruwa, wanda yara za su roƙe ka su shiga. Farin ruwan nan mai kumfa a gindin magangara cike yake da iska, don haka ba ya ɗaga jikin mutum kamar sauran ruwa, gwanin iyo ma nutsewa yake yi a cikinsa. Ga shi kuma yana juyi: yana nutsawa ƙasa, ya taso a gaba, ya dawo ta sama zuwa inda ya faɗo, ya riƙa mayar da duk abin da ya kama. Zurfin gurbi ba ya tafiya a hankali, taku ɗaya kana iya gwiwa, na biyu ba ka taɓa ƙasa. Duwatsu da kututture a ƙarƙashi suna canja wuri bayan kowace ambaliya, shi ya sa tsalle cikin gurbi haramun ne a tafiyata, ko da wani ya ce bara ya yi. Ruwan dutse kuma yana da sanyi fiye da yadda ake zato. In ya gaza digiri 15, shigarsa farat ɗaya tana sa mutum ya ja numfashi da ƙarfi ba da niyya ba, in kansa na cikin ruwa a lokacin, ruwa zai shaƙa. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan sau 25 fiye da iska, jikin yaro kuma ya fi saurin yin sanyi. In leɓensa ya canja launi ko haƙoransa na kaɗawa, a fito da shi, a cire jiƙaƙƙun kaya, a sa busassu, a ba shi abin ci.

Wannan ba yana nufin kada su taɓa ruwa ba. In an halatta shiga a wurin, ka nemo musu gefe can ƙasa da gurbin, inda ruwan ya baje a kan yashi ko ƙananan tsakuwa, bai wuce idon sawu zuwa ƙwauri ba, kuma babu wata gangara a gabansa. Su shiga da takalmi. Sannan ku yi abin da nake roƙon kowane iyali: ku ambaci sunan mai gadi. Ka ce da baki, "Yanzu ni ke kallon yara," ka ajiye waya, kada ka ci abinci, kada ka yi hira. Bayan minti goma sha biyar ka ce wa uwargida, "Na miƙa miki," ta amsa. In ba a yi haka ba, kowa zai ɗauka ɗayan na kallo. Ƙaramin ya kasance inda hannunka zai kai gare shi. Kada a ɗora wa ɗan shekara 11 gadin ƙannensa, shi ma yaro ne. Yaron da ruwa ke ci ba ya ihu, ba ya fantsama ruwa yadda mutane ke zato, shiru yake nutsewa cikin ƙasa da minti ɗaya. In kuma, Allah ya kiyaye, wani ya faɗa wuri mai zurfi, kada ka bi shi da tsalle. Kwanta a ƙasa ka miƙa sanda, ko reshe, ko ka jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa, wani kuma ya busa usur.

Da isarku, ka zaɓi wani dutse a bakin ruwa wanda kansa ya ɗan fito, ka riƙa dubansa. Shi ne ma'auninka. Rafin dutse yana iya kawowa alhali sama garau take a inda kuke, saboda ruwan da aka yi can bisa tudu duk a wannan kwarin zai bi. A watan Agustan 1997 mutum 11 suka mutu a kwazazzabon Antelope a jihar Arizona ta Amurka, ruwan da ya ci su kuwa an yi shi ne kilomitoci da dama daga inda suke. In dutsenka ya nutse, ko ruwan ya fara komawa ja ko ruwan ƙasa, ko ganye da ƙirare suka fara yawa a kansa, ko ƙarar ta sauya ta yi kauri, a kwashi yara a hau tudu nan take. A hau gefe, kada a bi rafin ƙasa ana gudu, ba a tsere masa. Kaya su tsaya. In kuma kun tsallako rafi a zuwa, ka tuna shi ma ya cika, gara ku jira ya janye da ku gwada shi.

Tsawa ma haka. In ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙu har ka ji ƙarar: kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In bai kai 30 ba, hadarin yana cikin kilomita 10, ya isa ya same ku. A fita daga ruwa, a sauka daga tudu, a nisanci bishiyar da ta tsaya ita kaɗai da bakin kogo, a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. In hasashen yanayi ya nuna ruwa mai ƙarfi a ranar ko daren da ya gabata, ka ɗaga tafiyar kawai.

Ruwan zai yi muku kyau a ido, garau da sanyi, amma kada a sha. Ba ka san abin da ke sama ba, ko dabbobi, ko mushe, ko mutane. Ƙwayoyin da ke kawo gudawa suna rayuwa a ruwa mai haske. In dole ta kama, a tafasa shi minti ɗaya, in wurin ya haura mita 2,000 a kai minti 3. Mai buɗaɗɗen ciwo a ƙafa kada ya shiga. Kada yara su cusa hannu a ramuka ko ƙarƙashin duwatsu saboda maciji da kunama. In maciji ya sari wani, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau: a kwantar da shi, a cire zobe ko abin hannu, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti.

Na tsawaita a kan haɗari, amma ba don shi za ku je ba. In iyaka ta tabbata, mai gadi na bakin aikinsa, ka bar yaran su more. Ka juya wa rana baya ka fuskanci feshin, ka kira su su ga bakan gizo. Ya fi fitowa da safe ko da yamma, lokacin da rana ba ta yi sama sosai ba, wannan ma wata riba ce ta sammako. Ka sa su rufe ido su ji yadda ƙarar ke shiga ƙirji. Ka nuna musu layukan dutsen, inda mai tauri ya ƙare mai taushi ya fara, da ramukan da tsakuwa ta haƙa tana juyawa shekara da shekaru. Ka bar ɗan shekara 7 ya yi ta tambaya ko da ba ka da amsa. Duk abin da kuka kawo kuma ku koma da shi, har ɓawon 'ya'yan itace. Kada a sa sabulu a rafi, kuma mai bukatar kewayawa ya yi nisan mita 60 daga ruwa, ya tona rami ya binne.

Ku tashi tun yara suna da sauran ƙarfi, kada a jira sai sun fara kuka. A canja musu busassun kaya da safa kafin a kama hanya, domin jiƙaƙƙiyar safa ita ke saɓule fata. A dawowa ne aka fi yin targaɗe, ƙafa ta gaji, hankali ya riga ya isa mota, saboda haka a taƙaita taku a gangara, a hana gudu, kai kuma ka kasance a ƙasan ƙaramin yadda in ya zame kanka zai faɗo. Hajiya ta riƙa sa sanda kafin ƙafa. Da kun samu sabis, ka kira wanda ka bar wa saƙo. A gida a duba jikin yara saboda kaska, musamman bayan kunne da hammata da bayan gwiwa. In kuma cikin makonnin da suka biyo baya wani ya yi zazzaɓi, ko gudawa mai naci, ko aka ga jini a fitsarinsa, ka gaya wa likita cewa ya shiga ruwan rafi, da ranar da ya shiga, domin akwai cututtuka irin su tsargiya da ba za a yi tunanin gwada su ba sai an san da wannan.